Ƙasar da ta tsallake ranar Juma'a

A ɗakinmu na kwanan ɗalibai a jami'a muna da wata al'ada. Da zarar an ɗauke wuta da daddare, sai mu rufe littattafai, kowa ya kawo labarin ban mamaki da ya tsinto a wayarsa. Wanda labarinsa ya zama ƙarya, shi zai sayi ƙosai da safe. In kuwa gaskiya ne, waɗanda suka ƙaryata shi za su saya.

Wani dare ɗaya daga cikinmu ya ce akwai ƙasar da mutanenta suka kwanta ranar Alhamis, suka wayi gari Asabar. Muka bushe da dariya, har muna lissafin ƙosan da za mu ci. Ashe mu ne za mu saya.

Ƙasar ita ce Samoa, wasu tsibirai a tekun Fasifik. A shekarar 2011, daga 29 ga Disamba sai suka faɗa 31, ba su ga Juma'a 30 ga wata ba. A tsakiyar tekun akwai layin da aka shata a taswira, inda kwanan wata ke canjawa. A lokacin Samoa tana gabas da layin, manyan abokan cinikinta, Ostireliya da New Zealand, suna yamma. Idan Juma'a ce a Samoa, can Asabar ce an rufe ofisoshi. Idan Lahadi ce a Samoa, can Litinin ce an koma aiki. Ganin asarar da ake yi duk mako, sai gwamnati ta mayar da ƙasar ɗaya ɓangaren layin.

Ba mu daddara ba. Da aka ce a birnin Tromso na ƙasar Norway rana ba ta faɗuwa daga ƙarshen Mayu har wajen ƙarshen Yuli, nan ma muka yi gardama. Sai da abokinmu mai karatun labarin ƙasa ya ɗauko lemo da tocila, ya nuna mana yadda duniya take a karkace, har saman lemon ya ƙi shiga duhu duk juyin da aka yi masa. Idan azumi ya faɗo a irin wannan lokaci, Musulmin birnin da yawa lokutan Makka suke bi.

A daren ne muka tuna abin da ya sa jikinmu ya yi sanyi. A watan Agustan 2014, muna firamare, kusan dukanmu an tashe mu da asuba a gidajenmu, aka yi mana wanka da ruwan gishiri, wai maganin Ebola ne. Saƙon waya ne kawai ya yaɗu. Wasu har shan ruwan suka yi, aka kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasu. Babu wanda ya tsaya ya tambayi yadda gishiri zai kashe cutar.

Wato mun ƙaryata gaskiya don ta zo mana baƙuwa, mun gaskata ƙarya don ta zo daga hannun na gida, kuma muna cikin tsoro.

Tun daga ranar muka sake doka a ɗakin: wanda ya kawo labari sai ya faɗi inda abin ya faru, yaushe, kuma ta yaya. Ƙannenmu, ku ma ku gwada waɗannan tambayoyi uku kafin ku tura wa wani saƙo. In an kasa amsa su, ku bar labarin ya kwana a wayarku.