Yadda "With" Ta Ba Ni Kunya a Gaban Aji



A zangon da ya wuce malamar Turanci ta ba mu aikin gida, kowa ya rubuta insha'i a kan gidansu. Bayan sallar isha'i na kunna fitilar caji na cika shafi biyu. Na ji daɗin abin da na rubuta, har na yi ta addu'a a kira ni in karanta a gaban aji. Ai kuwa aka kira ni.

Ina cikin karatu na zo kan yayata da aka yi wa aure bara, na ce, "My sister is married with a tailor." Malama ta ce in dakata. Ta ce, "Wato yayar taki tana da miji, ga kuma tela a gefe?" Sai aji ya fashe da dariya. Ta bayyana mana cewa "married to a tailor" ake cewa. Abin da ya saba biyo bayan "married with" shi ne 'ya'ya, kamar "married with two children", wato tana da aure da 'ya'ya biyu.

Da aka dawo mini da littafina, na ga jan biro ya zagaye "with" sau huɗu. Ban da na tela, na rubuta "proud with my father", "full with children" da "different with my brother". Maki 9 na samu cikin 20. Na yi sati biyu ana kirana "ƙanwar matar tela". Na daina ɗaga hannu a aji ko da na san amsa. Da aka zo rubuta sunayen masu shiga muhawara, na sunkuyar da kai, alhali tun ina aji ɗaya nake burin shiga.

Wata rana na zauna na mayar da kurakuran nan huɗu zuwa Hausa: aure da tela, alfahari da Baba, cike da yara, bambanta da yayana. Ashe duk "da" ce a ciki! Tun firamare na riƙe cewa "da" ita ce "with". Don haka da Hausa nake tunani, in na zo kan "da" sai kawai in dasa "with".

Lokacin tara na je ofishin malamai na nuna wa Malama abin da na gano. Ta ce, "Madalla, 'yata, kin kamo bakin zaren." Ta ce a Turanci sifofi da yawa suna da 'yar ƙaramar kalmar da suke tafiya tare, wadda ake kira "preposition", kuma babu wata doka guda da za ta nuna maka wadda ta dace. Sai dai ka haddace su tare, kamar takalmi ƙafa biyu. Ga waɗanda ta fara ba ni:

proud of: alfahari da
full of: cike da
tired of: gajiya da abin da ya ishe ka
different from: bambanta da
similar to: kama da
married to: aure da

Duk "da" ce a Hausa, amma a Turanci ta rabu gida uku. Akwai kuma inda "with" ɗin ce daidai, kamar "angry with you" da "satisfied with my result". Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sifa ɗaya takan sauya ma'ana idan aka sauya mata abokiyar tafiya. "Good at Maths" ƙwarewa ce a lissafi. "Good for you" abu ne mai amfanar ka. "Good to me" kuwa wanda yake kyautata mini ne.

Yanzu na ware shafin ƙarshe na littafina. Duk sifar da na gani a littafin karatu, sai in rubuta ta tare da abokiyarta, in yi jimla a kan kaina, kamar "I am afraid of dogs." Na tara 26. Har yanzu ina kuskure. Shekaranjiya na ce "interested on", Malama ta gyara mini zuwa "interested in". Amma na ci gaba da ɗaga hannu, kuma wannan zangon na ba da sunana a muhawara.

Ga masu dariya, ina roƙonku ku duba littattafanku tukuna. Wadda muke zama benci ɗaya ta fi kowa dariya ran nan, amma daga baya na ga jan biro a kan "with" ɗinta ita ma. Irin waɗannan tambayoyi na cike gurbi suna jiran mu duka a jarrabawar ƙarshen aji uku. Gara a gyara mana yanzu a aji.



Daga wata ɗaliba, JSS 2