Kwalbar da Na Yanke wa Hukunci Kafin In Tambaya

 

 Na daɗe ina jinkirta rubuta wannan labari, domin ba irin labarin da ke ƙara wa mai ba da shi daraja ba ne. Amma na lura cewa abin da ya auku a gidana yana iya aukuwa a gidan kowa, musamman a wannan zamani da kwalabe masu baƙin sunaye suka cika ɗakunan iyalanmu, alhali yawancin magidanta ba mu san abin da ke cikinsu ba.

A watan Disamba na 2024 hunturu ya sauka Maraɗi da ƙarfinsa. Leɓɓa suka tsage, faso ya buɗe a dugadugai, ƙafafun yara suka yi fari kamar an barbaɗa musu toka. Mai ɗakina, wadda hannunta ba ya rabuwa da ruwa tsakanin wanki da wanke-wanke da alwala, ta fi kowa jin jiki: fuskarta ta bushe tana ƙaiƙayi, har fatar kumatunta tana sāɓa. Na ga haka, amma ban taɓa tambayarta yadda take ji ba.

Wani dare bayan sallar isha na shiga ɗakinta neman tocila, sai idona ya faɗa kan wata ƴar kwalba mai matsatsin baki, an rubuta mata da Faransanci: acide hyaluronique. Kalmar farko kaɗai na karanta da hankalina. A lakkwal an koya mana cewa ruwan lemun tsami da tsamiya duk asid ne, amma a wannan dare ban tuna da komai ba sai ruwan batir. Ƙari ga haka, na taɓa ganin abin da mayukan bilicin suka yi wa wata ƴar uwarmu, wadda fatarta ta yi laushi kamar takarda, baƙaƙen tabo suka mamaye kumatunta. Kuma na sha jin mahaifina, wanda shi ne limamin unguwarmu, yana jan kunne a kan wannan ɗabi'a a cikin huɗuba. Sai zuciya ta raya mini: yanzu a ce a ɗakin ɗan liman aka sami wannan abu?

Na fito tsakar gida da kwalbar a hannu. Tana zaune tare da ƙanwarta da ta zo mana baƙunta daga Yamai. Na ce, "Ashe launin da Allah Ya ba ki bai ishe ki ba?" Ta ce, "Malam, ba abin da kake zato ba ne." Ban bari ta ƙarasa ba. Na faɗi maganganu a kan tsoron Allah da mutuncin gida, na jefa kwalbar a aljihu, na fita. Kwana uku ana aje mini abinci a kan lokaci, ana gaishe ni yadda aka saba, amma hira ta ɗauke daga gidan.

A rana ta huɗu, bayan almajirai sun tashi daga karatun asuba, na sami mahaifina a zaure na miƙa masa kwalbar, ina tsammanin yabo. Malam ba ya karanta Faransanci. Ya jujjuya ta, ya ce, "Da me aka yi shi?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Me yake yi wa jiki?" Na ce ina kyautata zaton yana ƙona fata ne ta yi fari. Ya ce, "Zato na tambaye ka? Yana hana ruwan alwala taɓa fata?" Na yi shiru. Ya ce, "Ka ji ta bakin mai shi?" Na ce, "Allah gafarta Malam, ban ji ba." Ya aje kwalbar a kan buzu ya ce, "Ba ka san abu ba, ba ka saurari mai shi ba, to da me ka yanke hukunci? Je ka wurin masu sani ka nemo amsar nan uku, sa'an nan ka dawo."

Na nufi farmasi wurin wani abokin karatuna na sakandare wanda ya karanci ilimin haɗa magunguna. Da ya ga kwalbar ya ji bayanina, sai da ya yi dariya har ya dafa tebur. Ya ce, "Abin da ka ƙwace wa matarka, akwai shi a jikinka tun kana ciki." Ya zaunar da ni ya yi mini bayani, ya kuma ba ni abin da zan karanta. Ga taƙaitaccen abin da na fahimta.

Asid hiyaluronik wani sinadari ne mai yauƙi, dangin sukari, wanda Allah Ya halitta a jikin ɗan Adam da na dabbobi. Wasu masana biyu, Karl Meyer da John Palmer, su ne suka fara ware shi a shekarar 1934 a Jami'ar Kolombiya da ke birnin Niyok na Amurka, daga ruwan nan mai kauri da ke cikin ƙwayar idon saniya. Saboda wannan ruwa garai yake kamar gilashi, sai suka ciro sunan daga kalmar Girkanci da ke nufin gilashi. Mutum mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da kimanin giram 15 nasa, kusan rabi a cikin fata, saura a ruwan gaɓoɓi da ido da sauran sassa, kuma kowace rana jiki yana rushe wajen kashi ɗaya cikin uku yana sabunta shi. Shi ne ke sa gwiwa ta motsa ba tare da ƙashi ya goga ƙashi ba. Tun wajen 1980 likitocin ido suke amfani da shi a aikin cire yana, domin ya kare cikin ido yayin tiyata.

Aikinsa a kan fata guda ne: riƙe ruwa, kamar yadda soso ke riƙewa. Masu talla suna cewa yana riƙe ruwan da ya ninka nauyinsa sau dubu, wannan kuwa zuguguwa ce ta kasuwa. Abin da ya tabbata shi ne yana riƙe ruwa mai yawa. Ƙwayoyinsa manya ne, don haka mafi yawan abin da aka shafa yana tsayawa ne a saman fata, ya sa ta yi laushi da sulɓi na wasu sa'o'i, a wanke ya tafi. Ba shi da wata hulɗa da sinadarin da ke ba fata launinta. Baƙa za ta shafa ta wayi gari baƙa, sai dai fatarta ta daina tsagewa.

Sai abokina ya ƙara da wani abu da ya shafe mu mu mutanen Sahel. Soso ba ya haifar da ruwa, abin da ya samu shi yake riƙewa. A ƙasashe masu laima yana samun danshi daga iska, amma a hunturun Maraɗi danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana. Wanda ya shafa shi a busasshiyar fata ya fita haka nan, ɗan ruwan da ke ciki zai tashi cikin iska, har ya ji fuskarsa ta ƙara ɗaurewa. Hanyar da ta dace ita ce a shafa ɗigo biyu ko uku tun fata tana da lema bayan wanka, sa'an nan a bi shi da mai wanda zai rufe, kamar man kaɗanya ko basilin. Ya ce in ɗauka ruwa ne a randa: in ba a rufe da faifai ba, iska ce za ta shanye.

Game da asalinsa, ya ce a da daga zankon zakara ake tatso shi. Yanzu kuwa mafi yawan wanda ake sa wa a mayukan shafawa, wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke samar da shi a cikin manyan tukwane, ana ciyar da su da sukarin tsirrai, kwatankwacin yadda madara ke juyewa ta zama kindirmo, daga baya a tace shi tsaf.

Amma ya gargaɗe ni cewa tsorona yana da tushe, wurin da na ɗora shi ne kuskure. Akwai masu haɗa man bilicin su manna masa wannan suna don ya shiga kasuwa. Ya ce a riƙa duba jerin kayan haɗin da ke bayan kwalba. In an ga hydroquinone, ko clobétasol da danginsa, ko mercure, a aje. Na farko yana barin baƙin tabo mai wuyar fita in an daɗe ana shafawa, na biyu yana sa fata ta yi siriri ta yi nankarwa har ya iya jawo hawan jini da ciwon sukari, na uku yana lalata ƙoda. Saboda irin wannan ɓarna ne Kodibuwa ta haramta mayukan sauya launin fata a 2015, Ruwanda ta bi sahu a 2018. Haɗin da aka ƙulla a leda ko aka zuba a kwalbar da ba rubutu, ya ce, kada a kusance shi ko da wane suna aka kira shi. Ya karanta bayan kwalbar mai ɗakina layi layi, ya ce babu ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Na koma zaure da la'asar na zayyana wa Malam duk abin da na ji. Ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce, a mazhabarmu ta Malikiyya abin da aka ciro daga naman mushe najasa ne, shi ya sa ya fara da tambayar asali. Tunda yanzu daga tsirrai da waɗannan halittu ake samun mafi yawansa, to lamarin da sauƙi, wanda kuma ya yi shakka a kan wata kwalba sai ya tambayi mai sayarwa. A kan alwala ya ce abin da ke narkewa a ruwa, bai bar ɓawo kamar fenti ko kakin zuma ba, ba ya zama shamaki, matuƙar an zuba ruwa an cuɗa yadda farilla ta nema. Haka ma mai: naso da ƙyalli ba su hana komai, sai in ya daskare ya yi gudaji, sai a gusar da shi tukuna. Ya ce kula da fata don kada ta tsage ta yi jini yana cikin kiyaye amanar jiki, ba a haɗa shi da sauya halitta.

Mahaifiyata tana jin mu daga bayan ƙofa. Ta ce, "Wato duk karatun nan, ƙarshensa a shafa man kaɗanya a jiƙaƙƙiyar fata? Ai haka na yi muku tun kuna goye." Muka yi dariya, kuma gaskiyarta. Abokina ma ya faɗa mini cewa gilisarin, wanda ake samu da araha a kowace farmasi, yana jan ruwa zuwa fata kamar yadda wancan ke yi. Wanda bai da halin sayen kwalbar jika takwas, kada ya ɗauka an bar shi a baya.

Na miƙe zan tafi cikin jin daɗi, kamar an gama magana. Malam ya ce, "Zauna. A gaban wa ka faɗi abin da ka faɗa?" Na ce a gaban ƙanwarta. Ya ce, "To a gabanta za ka janye. Wanda aka zubar wa mutunci a fili ba a mayar masa a ɓoye."

Wallahi ban taɓa jin nauyin tafiya irin ta wannan yamma ba, daga zauren Malam zuwa tsakar gidana. Na same su a inda na bar su kwana huɗu da suka wuce. Na aje kwalbar a gabanta na ce na zarge ta da abin da ba ta yi ba, na yi magana ba da ilimi ba, ina roƙon ta yafe mini. Ta daɗe ba ta ɗago kai ba. Can ta ce, "Malam, da kuɗin adashena na saya, bayan na tambayi ma'aikaciyar likita. Da ka bar ni na ƙarasa magana, da ba ka je farmasi ba." Ta ce ta yafe, amma sai da aka ƙara kwanaki kafin hira ta dawo yadda take, kuma ban ga laifinta ba. Magana zarar bunu ce.

Ta ci gaba da shafa abinta, da man kaɗanya a bisa. Kafin ƙarshen Janairu ƙaiƙayin ya lafa. Da kwalbar ta ƙare, ita da kanta ta ce za ta gwada gilisarin ta gani, ni kuwa ban sa baki ba.

Ya ɗan uwa magidanci, in ka ga baƙuwar kwalba a ɗakin iyalinka, ka riƙe tambayoyin nan uku na Malam: da me aka yi ta, me take yi wa jiki, tana hana ruwan tsarki isa fata? Ka fara tambayar mai ita cikin lumana, ka bari ta kai ƙarshen maganarta, sa'an nan ku je wurin mai ilimin magani tare. Ke kuma ƴar uwa, ki karanta bayan kwalba kafin ki biya kuɗi, in kuwa bushewa ta zo da ƙuraje ko ta ƙi lafawa, a je likita. Mu da muka tashi a gidajen malamai mun fi kowa bukatar wannan tunatarwa, domin mutane suna ɗaukar maganarmu da nauyin da ilimimmu bai kai ba, iyalanmu kuma su ne farkon waɗanda take sauka a kansu.

Allah Ya tsare harsunanmu daga faɗin abin da ba mu sani ba, Ya sanya rahama da fahimtar juna a gidajenmu.