Daren da Rumbu Ya Ƙi Buɗuwa

A bazarar 2011 ni ke kula da kwamfutar wata ƙungiyar adashen mata a Damagaram. Sunayen mambobi, zubin kowa da bashin kowa, duk suna cikin rumbun bayanai na PostgreSQL, bisa Linux. Ana gobe rabo aka ɗauke wuta da la'asar. Da ta dawo kwamfuta ta tashi lafiya lau, rumbu kuwa ya ƙi buɗuwa.

Na fara da zargin wutar, kamar kowa. Daga nan na juya kan yaron da ke taya ni aiki, har na ɗaga masa murya, abin da nake jin kunyarsa har yau. Sai bayan isha'i na natsu na karanta kundin kurakurai, inda rumbun ya faɗi kukansa a fili: ya roƙi yankin ƙwaƙwalwar tarayya, an hana shi.

Abin kamar akushi ne guda da ƴan gida ke ci a ciki. PostgreSQL ba ma'aikaci ɗaya ba ne, tarin ma'aikata ne, kuma dukkansu wuri ɗaya suke ajiye shafukan da suka ɗauko daga faifai. Amma girman akushin ba a hannunsu yake ba. Zuciyar Linux ke yanke shi da wani ma'auni mai suna SHMMAX, wanda a wancan zamani yake zuwa a megabayit 32 kacal. Ni kuwa, wata huɗu kafin nan, na faɗaɗa shared_buffers zuwa 256 don aiki ya yi sauri, na ɗaga SHMMAX da umarnin sysctl. Umarnin baki ne, iyakarsa kashe na'ura. Ban rubuta shi cikin sysctl.conf ba. Wata huɗu laifina na kwance yana jiran ranar da wuta za ta tafi.

Layi ɗaya na ƙara, rumbu ya buɗe, ko dala ba ta ɓata ba. Matasan yau ba su cika gamuwa da wannan tarko ba, domin tun fitowar PostgreSQL 9.3 a 2013 ya daina neman babban yanki ta wannan hanya, Linux ma ya saki ma'aunin a 2014.

Da safe Hajiya shugaba ta iso da tsohon littafinta a hammata, wanda na sha ce mata ya zama kayan tarihi.

"Malam, na ji injinka ya yi gardama jiya."

"Ya huce, Hajiya."

Duk da haka ta buɗe littafin, muka bi sunaye ɗaya bayan ɗaya. Yaron na zaune a bakin ƙofa, bai ce uffan ba. Sai da matan suka watse na kira shi na nuna masa layin.