Abin da Dakon Kwalta Ya Koya Mini

Kwaltar da ke kan babbar hanya ta 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Dosso da Kore Mairuwa da Dogon Dutse ta nufi Birnin Ƙonni, baƙuwa ce. Matatar Damagaram da aka buɗe a 2011 fetur da gas da iskar girki take tacewa. Kwalta ta teku take zuwa, ni kuwa na daɗe ina dakonta daga Kwatano, in haye gadar Gaya in kawo ta Arewa.

1. Zafi ne ranta, zafi ne ajalinta. A tashar jirgin ruwa, manyan tankuna suna naɗe da abin tare zafi, bututun mai mai zafi yana zagayawa a ciki don kwaltar ta zauna kusan digiri 150. Ma'auni yana kai wa kwamfuta labari, in kwaltar ta ja baya har bututun ya fito fili, wutar ta mutu da kanta. Na sha yi wa yaron da ke gadin allon kwamfutar dariya, ina cewa kallon talabijin ake biyansa. A wurin aikinmu kuwa wuta muke hurawa ƙarƙashin ganguna, ido ne ma'auninmu. Hayaƙi ya yi shuɗi, mu ce ta nuna, alhali ƙonewa ta yi. Ƙonanniyar kwalta ƙandarewa take yi, ta shimfiɗu da kyau ranar bikin buɗe hanya, damina kaɗan ta tsattsage. Sai kowa ya ɗora laifin a kan manyan motocin albasa, har da mu.

2. Ruwa kaɗan ya isa ta'adi. Lita ɗaya ta ruwa in ta zama tururi tana kumbura kusan sau 1,700. Wata damina, kusa da Dogon Dutse, na ja tiyo zan juye a tankin da ya kwana a buɗe. Wani dattijo mai kula da wuta ya riƙe hannuna.

"Yaro, ka leƙa gindinsa?"

"Baba, ai sauri ake yi."

"To sauri ya haifi nawa. Leƙa."

Ruwa ne kwance a ƙasa. Da na juye, da kumfa mai ƙuna ta yi ambaliya a kanmu, ga shi kwalta in ta kama fata ba ta saki.

3. Na'ura ba ta da suruki. Famfon lodi ba ya buɗewa sai an cika sharuɗɗansa, in mota ta kai nauyin da aka rubuta ya rufe. Na roƙi ƙari, na haɗa da Allah da Annabi, ban samu ko cokali ba. Da mutum ne, da ya ji kunyata.

4. Ikon kwamfuta a bakin tasha yake ƙarewa. Daga nan sai direba da hanya. Da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya suka koma bin Lome da Burkina Faso, cikin ayari da rakiyar soja. Kwalta ta iso a daskare, a sake dafa ta, kowane dahuwa kuma yana rage mata ƙarfi. Tun daga lokacin nake yawo da ma'aunin zafi a aljihu, kuma ba na yarda a juye mini kaya sai na tsoma shi na rubuta abin da ya nuna a takardar lodi.