Direban Can Ba Ya Tsayawa a Yi Sallah

Idan Allah Ya ƙaddara miki zuwa Afirka ta Kudu, akwai abin da nake so ki sani tun kina gida. A nan, ko daga Kano za ki Legas, lokacin sallah na yi wani dattijo zai ɗaga murya, direba ya gangara gefen titi, kowa ya ɗauko buta. To can babu wannan gatan. Musulmi ba su da yawa a ƙasar, kuma mota da agogo take aiki.

Na raka maigida ne a Disambar 2023, muka sauka a Johannesburg. Cikin gari ƙananan bas ne ke jigilar jama'a, su ne suke kira tasi. Da hannu ake magana da direba: ki ɗaga manuniya sama, tsakiyar gari za ki, ki nuna ƙasa, nan kusa za ki sauka. Babu kwandasta, kuɗi daga baya ake miƙo su hannu-hannu, wanda ya zauna kusa da direba shi ke da aikin haɗa lissafi da bayar da canji. Don haka baƙuwa ta nufi kujerar baya. Kuma ki rage surutu, domin hare-haren da aka kai wa baƙi a 2008 da 2015 da 2019 ba su gushe a zukatan 'yan ƙasarmu mazauna can ba.

Babbar jarabawar ita ce tafiya Cape Town a doguwar bas. Kilomita wajen 1,400 ne, awa 18 ko fiye. Motar na da tsafta, har da banɗaki, amma tsayuwarta a gidan mai ce, 'yan mintuna, wanda ya makara an tafi an bar shi. A nan ne abin da nake koya wa ɗalibaina a babin sallar matafiyi ya zama abin rayuwa. Mun yi ƙasaru, mun haɗa Azahar da La'asar kafin mu hau. A jakata kuwa akwai ƙaramar darduma, robar ruwa, da hijabi mai kauri, don hamadar Karoo da dare akwai sanyi ko da lokacin zafi ne. Asuba a bayan wani gidan mai muka yi ta, maigida na tsaye yana dubar mota, na idar shi ma ya yi.

Kada ki fuskanci gabas yadda kika saba. Alƙiblarsu arewa ce, ta ɗan karkata gabas. Kuma Disamba lokacin zafinsu ne, rana ba ta faɗuwa a Cape Town sai wajen takwas na dare, alfijir kuma ya keto tun kusan ƙarfe huɗu.

Dawowa a jirgin sama muka yi, awa biyu kacal, filin jirgin O.R. Tambo kuma akwai ɗakin sallah. Mai ciki ko mai goyo, ni dai shawarata ta biya kuɗin jirgin.

Amma inda zuciyata ta tsaya shi ne jirgin ruwan da ke kai mutane tsibirin Robben, wanda iska in ta yi ƙarfi ake soke tashinsa. Kowa ya je ne don ganin ɗakin da Mandela ya zauna, shekara 18 ya yi a tsibirin. Ni kuwa tunanina yana wajen wani malami, Imam Abdullahi ɗan Ƙadi Abdussalam, wanda ake kira Tuan Guru. Turawan Holan ne suka kamo shi daga Tidore, a ƙasar Indonisiya ta yau, suka tsare shi a wannan tsibiri a 1780. Ba shi da Alƙur'ani a hannu, sai ya rubuta shi da ka. Da aka sake shi ya buɗe makarantar yara a cikin gari, a layin Dorp, inda aka kafa masallacin Auwal a 1794, masallaci na farko a ƙasar. Yawancin ɗalibansa bayi ne da 'ya'yan bayi.

Da jirgin ya dawo da mu gaɓa, sai na roƙi maigida muka ɗauki tasi zuwa unguwar Bo-Kaap mai gidaje launi-launi. A masallacin nan muka yi La'asar.