Takardar Awon Jinin Goggo

Bahaushe ya daɗe da sanin maƙoƙo, domin ciwo ne da ido ke gani: wuya ya kumbura, aka ba shi suna. Amma akwai ɗan'uwansa wanda sau da yawa ba ya kumbura kome, sai dai ya bi mutum sannu a hankali ya kashe masa jiki. Shi wannan mukan kira shi da sunan alamominsa ne. A ce sanyi ne, ko kasala, ko tsufa, in abin ya daɗe ma a ce sammu ne. Alhali kuwa duk daga wuri ɗaya suka fito, watau wata 'yar tsoka da ke gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, wadda likitoci ke kira tayirod.

Aikin wannan tsoka shi ne ta ɗauki sinadarin aidin daga abinci ta haɗa wasu sinadarai biyu, T4 da T3, waɗanda su ke iza wutar jiki. In sun yi ƙaranci sai kome ya yi nauyi: mutum ya riƙa jin sanyi da rana tsaka, fata ta bushe, gashi ya zube, bayan gida ya yi wuya, jiki ya ƙara nauyi ba tare da ƙarin ci ba, mantuwa kuma ta yi yawa. A da rashin aidin shi ne babban dalili a ƙasashenmu, shi ya sa tun 1993 aka wajabta sa shi cikin gishiri a Nijeriya. Wani dalilin kuma shi ne garkuwar jiki ta juya ta far wa tsokar, ciwon da wani likita ɗan Japan, Hakaru Hashimoto, ya bayyana a 1912, har yau kuma da sunansa ake kiran sa.

To, wannan ciwo na biyu shi aka samu ga goggona, ƙanwar mahaifina. An ɗora ta kan wata 'yar ƙwaya mai suna lebotayiroksin, wadda T4 ce zalla, ta sha kullum. Bayan wata shida ba ta ji wani sauƙi na kirki ba. Da na je hutu sai ta miƙo mini takardar awon jininta ta ce, "Ɗana, ku ne masu karatun fassara. Fassara mini wannan, don ni likita ya yi mini bayani amma da na fito duk ya bi iska." Na yi fassarar labari da waƙa a aji, amma ban taɓa yin wadda lafiyar mutum ta rataya a kanta ba. Saboda haka da ranar komawarta ta zo na raka ta, na zauna da biro ina yi wa likita tambayoyi.

Abu na farko da ke rikita mai karanta irin wannan takarda shi ne layin da aka rubuta TSH. Goggo ta ga lambarta ta haura wadda ke gefe, ta ɗauka maganin ne ya yi mata yawa. Akasin haka ne. Shi TSH ba daga wuya yake fitowa ba, daga wata 'yar tsoka yake a gindin ƙwaƙwalwa, wadda ba ta wuce ƙwayar wake ba, kuma aikinsa shi ne ya umarci tayirod ta yi aiki. Yadda na faɗa mata shi ne: mai gona ba ya ɗaga murya sai 'yan ƙodago sun yi sanyi. In tsawa ta yi yawa, to aiki ne ya yi kaɗan. Yawancin ɗakunan awo suna ɗaukar kimanin 0.4 zuwa 4.0 a matsayin daidai, ko da yake kowane ɗaki da ma'auninsa, wanda yake bugawa a gefen sakamakon. Nata ya kai 8, T4 ɗinta kuma tana can ƙasa-ƙasa.

Likita bai yi gaggawar ƙara mata magani ba. Tambayarta ya yi yadda take shan sa. Ashe da safe take haɗiye shi da shayi mai madara, sa'an nan ta bi da cokali biyu na maganin ƙarin jini da wata maƙwabciya ta ba ta shawara. Wannan ƙwaya kuwa ba ta son kishiya. Ana shan ta ne da ruwa kawai, ciki babu kome, a jira minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Sinadarin ƙarfe da ke cikin maganin ƙarin jini, da kalsiyam, da maganin ƙwannafi, duk suna kama ta a hanji su hana ta shiga jini, sai an ba su tazarar awa 4. Da ta tambayi yadda za ta yi da azumi, ya ce ko dai ta tashi kafin sahur da ɗan lokaci, ko ta sha lokacin kwanciya in an yi awa 3 da cin abinci. Ya kuma ce kada ta dawo awo sai bayan mako 6 zuwa 8, domin maganin yana daɗewa a jiki, kimanin mako guda kafin rabinsa ya fita, ba a gane inda ya tsaya da wuri.

Aka sake awo, TSH ya sauko 2 da ɗoriya. Takarda ta ce daidai. Goggo ta ce ita dai har yanzu in ta yi shara sai ta kwanta. A nan ne fassara ta yi wuya, domin "daidai" na takarda yana nufin lambarka ta faɗo cikin inda ta yawancin masu lafiya take faɗowa, shi ke nan. Bai ce kana jin daɗin jikinka ba. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Likitoci da kansu sun yarda cewa akwai wani kaso na masu shan wannan magani da alamominsu ba sa gushewa ko da awo ya daidaita.

A wannan rata da ke tsakanin takarda da jiki ne 'yan kasuwa suka kafa rumfa. A gidan biki wata ta kawo wa goggo kwalabe uku masu tsada, wai na ƙarfafa maƙoshi da tsiro da gashi. Na karanta abin da ke jikinsu na kai wa likita. Ta farko aidin ce daga ciyawar teku. Babba yana buƙatar maikirogiram 150 ne kawai a rana, kuma ga mai ciwon Hashimoto yawan aidin na iya ƙara danne tsokar. Ta biyu bayotin ce, ta gyaran gashi. Ita ba ta taɓa tayirod, awon take ruɗarwa: a wasu na'urori takan sa TSH ya fito ƙasa, T4 ta fito sama, har likita ya rage wa mara lafiya maganin da yake buƙata. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka a 2017, kuma ana son mai sha ya dakata aƙalla kwana 2 kafin a ɗebi jininsa. Ta uku seleniyam ce, wadda takan ɗan rage alamar faɗan garkuwa a jini, amma bincike bai tabbatar tana kawar da gajiya ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wani bincike da aka buga a 2013, inda aka auna irin waɗannan ƙwayoyi na "taimakon tayirod" kala 10, aka sami sinadarin tayirod na gaske cikin 9. Wanda ya haɗa su da maganinsa zai iya zarce ƙima, ƙarshenta kuwa bugun zuciya ya rikice, ƙashi ya yi rauni.

Ni a ganina laifin ba na goggo ba ne, ba ma duka na mai tallar ba. Mai talla ta zauna da ita awa guda tana sauraronta da Hausa, asibiti kuwa minti biyar ne da takarda cikin Turanci. Wanda ya saurare ka shi kake yarda da shi.

Likitan ya ce gajiya ba ƙofa ɗaya take shigowa ba, sai ya sa aka auna yawan jininta, da ajiyar ƙarfe, da sukari, da bitamin B12. Aka tarar ajiyar ƙarfenta ta yi ƙasa ƙwarai, saboda jinin al'ada da ya daɗe yana zubar mata da yawa, abin da shi ma raunin tayirod kan jawo, ita kuma kunya ta hana ta faɗa sai da aka sa na fita daga ɗakin. Watau maƙwabciya ta yi gaskiya rabi: maganin ƙarin jini ana buƙatarsa, lokacin shan sa ne ya ɓaci. Yanzu ƙwayar wuya da asuba, ta ƙarfe bayan azahar. Wata uku ke nan, ta koma ɗinkinta, ko da yake tana cewa sanyin ƙafa bai sake ta ba, kuma likita ya rubuta mata wani awon bayan Babbar Salla.