Daren da Mma ta fita

Mahaifiyata ta yi shekara fiye da 30 tana sayar da koko da ƙosai a bakin kasuwar Aboabo a nan Tamale. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ba wanda ya taɓa cin ta da lissafi. Tana iya gaya maka bashin da mai tura amalanke ya ci tun watan jiya, har da ranar da ya ci shi. Saboda haka ran da ta ba wani yaro canjin sidi 10 alhali sidi 2 ya miƙa mata, dariya muka yi, muka ce yau Mma ta tashi da kyauta. A shekarar 2018 ke nan.

Mma 'yar ƙabilar Kusasi ce, daga wani ƙauye kusa da Garu, can ne kuma ta karɓi Ubangiji tun tana budurwa. Mahaifinmu soja ne, a Barikin Kamina ya gama aiki. Hausa ce harshen bariki a zamaninsu, da ita aka goye mu, da ita muke addu'a a gida. Harshen Kusasi kuwa sama-sama muke jin sa. Bayan rasuwar Baba a 2009 na ɗauko ta zuwa gidana, mu huɗu ne 'ya'yanta amma ni kaɗai nake Tamale.

Bayan zancen canji sai ta fara sa gishiri sau biyu a miya. Ta kan bar mai a kan wuta ta tafi ta zauna. Daga nan sai kuɗinta ya fara ɓacewa, kullum kuma mutum ɗaya take zargi, wato matata. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: na yarda da uwata. Wata uku ban sakar wa matata fuska ba. Ita ce mai dafawa, ita ce mai wanki, ita ce kuma ɓarauniya a bakin surukarta, ni kuma na yi shiru. Sai wata rana muna share ɗakin Mma muka tarar da kuɗin a ƙulle cikin tsumma, wasu a tukunyar daddawa, wasu a cikin takalmin Baba. Ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Matata ba ta ce mini komai ba, ta ɗauki tsintsiyarta ta ci gaba da shara. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Daga ranar na san akwai abin da ke damun Mma. Abin da na yi kuwa shi ne na ɓoye ta. Na hana ta zuwa kasuwa, na daina kai ta sujada, in an tambaya sai in ce ƙafa ce ke damun ta. Wanda bai san arewacin Ghana ba zai ce kunya ce kawai. Akwai kunya, amma tsoro ya fi yawa. A ƙasar nan tsohuwar da mijinta ya mutu, tana magana ita kaɗai, tana yawo da dare, suna ɗaya ake ba ta: mayya. Akwai sansanoni a Gambaga da Gnani da Kukuo da Kpatinga inda irin waɗannan mata suke gudun hijira, wasu har ƙarshen ransu. A watan Yuli na 2020 aka kashe wata tsohuwa mai shekara 90, Akua Denteh, da duka a Kafaba kusa da Salaga, a gaban jama'a, bisa zargin maita. Bidiyon ya zagaya wayoyi. Na kalla sau ɗaya, abin da na gani shi ne tsohuwa mai ƙirar uwata. A daren na ƙara sakata a ƙofar gida.

Sakatar ba ta yi amfani ba. Wajen wata biyu bayan haka, cikin damina, da misalin ƙarfe 2 na dare, ihu ya tashe mu. Ƙofa a buɗe, gadon Mma ba kowa. Na bi hayaniya da gudu ba takalmi. Na same ta a tsakar gidan wani maƙwabci, zane ɗaya a jikinta, ludayi a hannu, ruwan sama ya jiƙa ta. A gidan akwai jariri da ya kwana uku yana zazzaɓi. Samari sun kewaye ta da fitilun waya, wani yana riƙe da icce. Ita kuwa tana ta magana da harshen Kusasi, wanda ba mai ji a wurin, har na ji wata mata tana cewa, “Ku ji, da 'yan'uwanta take magana.” Ni na ji abin da take faɗa da ɗan guntun abin da na sani. Uwarta take nema, wai an aike ta ɗaukar wuta ta ɓata hanya. Uwar nan ta rasu tun kafin a haife ni.

Bakina ya mutu. Wanda ya cece ta wani dattijo ne mahauci, Musulmi, Bahaushen zango, wanda ya sha kokonta shekara da shekaru. Ya ratsa samarin, ya tuɓe babbar rigarsa ya yafa mata, ya juya ya ce, “Duk wanda bai taɓa cin ƙosan matar nan ba ya ɗaga hannu.” Ba wanda ya ɗaga. Sa'an nan ya dube ni ya ce, “Malam, uwarka ba ta da lafiya, ka kuwa sani. Don me ba ka gaya mana ba?”

Ban da amsa a daren, har yau ma ba ni da mai kyau.

Muka kira taron iyali. Yayana ya zo daga Kumasi da shawarar a kai ta wani sansanin addu'a, wai aljani ne. Ban raina addu'a ba, da ita muke tsaye har yanzu, amma na san ana ɗaure marasa lafiya da sarƙa a wasu irin waɗannan wurare, ana hana su abinci da sunan azumi. Na ce ba za a kai ta ba. Ƙanwata da ke Accra ta ce a mayar da ita ƙauye, tunda kullum gida take kira. Autarmu sai kuka. Aka yi ta musu har matata, wadda ba a tambaye ta ba, ta ce, “Yaya, ku gafarce ni. Shekara biyu ke nan ni ke kwana da ita. Ba wanda ya taɓa kai ta likita ya duba kanta. Ku fara da wannan.” Kowa ya sunkuyar da kai.

A Asibitin Koyarwa na Tamale aka auna jininta da hawan jini da sukari, don akwai cututtukan da ke kawo ruɗewa waɗanda ake iya warkarwa. Likitan ya yi mata tambayoyi: yau wace rana ce, ina muke, wane ne wannan da ke kusa da ke. Ta dube ni ta ce ƙanen mijinta ne. Daga nan ya ba abin suna, dimenshiya, abin da mu kan kira gigin tsufa. Ya ce ba tsufa ba ne kawai, gama tsofaffi da yawa suna mutuwa da hankalinsu garau. Ciwo ne da ke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Irinsa mafi yawa shi ne wanda wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 masu wannan ciwo sun wuce miliyan 55, mafi yawansu kuma a ƙasashe marasa arziki irin tamu. Ya bayyana mana cewa sabon abu ne ke fara gogewa, tsohon ya daɗe, shi ya sa Mma ta manta ta ci tuwo amma ta tuna sunan rafin ƙauyensu, shi ya sa kuma Hausa take sulluɓe mata tana komawa harshen da ta sha a nono. Ya ce da faɗuwar rana ruɗewar ta kan tsananta. Maganin warkarwa babu. Ya rubuta mana takarda da hatimi, na roƙe shi ya yi haka.

Da takardar nan na bi gida-gida. Na fara da gidan mai jaririn, wanda a lokacin ya warke, zazzaɓin cizon sauro ne. Na je wurin mai unguwa da liman. Ranar Lahadi na tsaya gaban ikkilisiya na faɗi abin da nake ɓoyewa shekara biyu. Bayan sujada mutum uku suka ja ni gefe ɗaya-ɗaya, kowa yana da tsohuwa ko tsoho a kulle a ɗaki. Ashe muna zama a benci ɗaya kowace Lahadi da kaya iri ɗaya a kai, ba mai ce wa wani sannu.

Ba zan ce kowa ya gamsu ba. Har yanzu akwai matar da ke janye ɗanta in Mma tana zaune a ƙofa. A watan Yuli na 2023 kotu a nan Tamale ta ɗaure mata biyu shekara 12 kowace saboda mutuwar Akua Denteh, a watan ne kuma majalisar dokoki ta amince da dokar hana zargin maita, amma shugaban ƙasa na lokacin bai sa mata hannu ba. Ikkilisiyar Presbyterian ta daɗe tana aikin sasanta matan Gambaga da danginsu don su koma gida. Duk wannan yana da kyau. Amma abin da ke tsare uwata yau shi ne mai kanti da mai gyaran babur sun san ciwonta, in suka gan ta a hanya sai su kama hannunta su kawo ta.

A cikin gida muka raba aiki. Yaya yana biyan wata yarinya da ke zuwa da rana. Ƙanwata tana turo kuɗin magani ta waya, ta kan kuma zo ta yi mako biyu don matata ta je ganin nata iyayen. Zumuntar mata suna aiko mutum kowace Laraba. Mun rataya ƙararrawa a ƙofa, mun ɗinka lambar wayata a cikin rigunanta, mun ɗauke ashana. Ba kullum tsarin ke tafiya daidai ba. An yi watannin da kuɗi bai zo ba, na yi wa Yaya magana mai zafi a waya. Akwai daren da Mma ta tambaye ni abu ɗaya sau ashirin, na daka mata tsawa, ta rakuɓe kamar yarinya. Ita ta manta kafin gari ya waye, ni ban manta ba.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne zancen Baba. Da yamma ta kan ce, “Sojan nan bai dawo ba? Tuwonsa zai huce.” Da farko na kan ce, “Mma, ai Baba ya rasu tun 2009.” Sai ta kurma ihu kamar yanzu aka kawo mata labari, ta yi makoki har dare. Kashegari ta sake tambaya, in sake faɗa. Na binne mata miji ya fi sau talatin, ina ganin kaina mai gaskiya. An tashe ni da tsoron ƙarya, ban kuwa so in fara ta a kan uwata ba. Na kai maganar wurin fastonmu. Ya daɗe shiru, sa'an nan ya ce shi ma ba ya son in yi ƙarya, amma in lura ko labarin mutuwa take nema, ko kuwa kewa ce ke damun ta. Yanzu in ta tambaya sai in ce, “Ba ya nan, Mma. Ba ni labarin ranar da ya zo neman aurenki.” Sai fuskarta ta washe. Na ji labarin sau ɗari, kowane sau kuma yawan shanun sadakin yana ƙaruwa. Wani ɗan'uwa a ikkilisiya ya ce mini wannan ma kewaye-kewaye ne. Mai yiwuwa. Ni dai ba zan koma ga na da ba.

Sunana ya ɓace mata tun bara. Matata ce kaɗai take yarda ta yi mata wanka, tana kiran ta da sunan wata ƙanwarta, ita wadda ta kira ɓarauniya. In ana waƙar yabo da yamma ta kan bi muryar daidai ko da kalmomin sun tafi.

Kowace safiya muna ba ta ƙwaryar wake ta zauna a zaure tana tsincewa, a ganinta shirin ƙosai take yi. Mahaucin nan ya kan biyo a hanyarsa ta zuwa kasuwa. Ba ta san shi ba, amma da ta gan shi sai ta ɗaure fuska ta ce akwai bashinta a kansa. Ya durƙusa ya ce, “Gaskiya ne, Mma, a yi mini haƙuri,” ya ajiye mata sidi 2 a gefen tabarma. Da yamma ɗana ya kan mayar masa da kuɗinsa, gobe ya sake kawowa.